Tsohon fim 16mm da ya daɗe a ajiye, zai ɗauku kuwa?

"Salamu alaikum Yaya, dan Allah shawara nake nema. Wani abokina da ke karatu a Ingila ya sayo mini gwangwani 5 na fim 16mm da araha, kowanne ƙafa 400, guda 3 an rubuta Fuji Eterna 500T, guda 2 kuma Kodak Vision2 250D. Mai sayarwar ya ce masa sun yi isfaya amma wai lafiyarsu lau. Tunda suka iso Kano wata 8 ke nan suna cikin durowa a ɗakina. Ina so in yi gajeren fim da su a kan masu rini na Ƙofar Mata, na samu aron kyamarar Bolex. Shin za su ɗauku? Nawa zan sa ISO? Kuma da gaske ne tsohon fim yana ba da wata kala mai daɗi da sabo ba ya bayarwa?"

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya yi albarka. Wallahi na ji daɗin tambayar nan, don ba kullum ake samun matashi a garinmu da ke son taɓa fim na gaske da hannunsa ba, mu masana'antarmu a kaset ɗin bidiyo ta tashi tun wajen 1990, daga nan sai faifai sai memori, shi ya sa ko a cikin manyan masu kyamara akwai da yawa da ba su taɓa jin ƙarar fim yana gudu a cikin kyamara ba. In na fahimce ka abu uku kake son sani, ko gwangwanayen nan suna da sauran rai, in suna da shi wane irin haske za ka ba su, sai kuma maganar kalar nan da ake ta zuzutawa. Ta farkon bari in faɗa maka tun yanzu kar in ja maka rai: daga nan inda nake zaune ba zan iya ce maka e ko a'a ba, kuma duk wanda ya ce maka ya sani alhali ba a yanki fim ɗin an wanke an duba ba, cinikin biri a sama yake so ka yi. Amma akwai abin da za mu iya lissafawa daga abin da ka faɗa, kuma akwai gwajin da zai raba gardama.

Ka fara da abin da ke jikin gwangwanin

Fim ɗin silima ba kamar fim ɗin hoton nan ba ne na cikin ɗan kwali da ake buga wa wata da shekarar ƙarewa. Juya gwangwanin yadda kake so, ba za ka ga ranar isfaya ba, lambobi kawai za ka gani, saboda su kamfanonin a lissafinsu furodusa ne zai saya ya ɗauka cikin 'yan makonni ko watanni ya kai wanki, ba su yi shi don ya zauna a durowa ba. To amma lambobin suna magana. Guda huɗun farko su ne sunan fim ɗin, a wajen Kodak na 16mm da 72 yake farawa, na 35mm kuma da 52, naka na 250D ya kamata ka ga 7205, na Fuji kuma 8673. Shi Vision2 250D ya fito ne a 2004, a 2009 Vision3 ya gaje shi, kaga ke nan naka ya girmi wasu yaran da ke sakandare yanzu. Fuji kuwa a watan Maris na 2013 suka daina yin fim ɗin ɗaukar silima gaba ɗaya, don haka ko da naka shi ne na ƙarshen fita daga masana'anta ya haura shekara 10 da daɗewa.

Sai ka duba tef ɗin da ya zagaye bakin gwangwanin. In na kamfani ne ba a taɓa ɓare shi ba, alhamdu lillahi. In kuwa ka ga tef na daban da rubutun hannu a kai, wannan an taɓa loda shi a kyamara ba a ɗauka ba aka mayar, 'yan sana'a rikan suke ce masa, ko kuma ragowar wani aiki ne wanda ma ba lallai ya cika ƙafa 400 ɗin ba. Irin waɗannan sun sha yawo a lokeshan, sun kwana a bayan mota, wani hannu ya riga ya shiga cikinsu, ni kam nakan sa su a sahun baya. Kuma dan Allah kar ka ɗaga murfin ka leƙa ko da daddare ne, hasken fuskar waya kaɗai ya isa ya cinye maka gefen naɗin.

Yanzu abin da zai ba ka mamaki, ko da na Kodak ɗin ne ya fi tsufa, ni na fi sa rai a kansa fiye da na Fuji, kuma ba maganar wane kamfani ya fi wane ba ce, maganar 250 da 500 ce, wato lambar ISO da ke nuna saurin kama hasken fim.

Me ke tsufa a jikin fim

Fim dai leda ce da aka shafa wa wani abu mai kama da ƙaro, a cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa da ido ba ya gani. Ƙwayar da haske ya taɓa ita ce maganin wanki zai kama ya mayar da ita hoto, wadda bai taɓa ba a wanke ta ta tafi, wajen ya zama tas. Matsalar ita ce ba haske kaɗai ke taɓa su ba. Zafi yana taɓa su, danshi yana taɓa su, sannan akwai wani tururi mai ratsa jiki da ke fitowa daga ƙasa da duwatsu da bangon gini da sararin sama, shi wannan ba ruwansa da gwangwani ko firiza, ratsawa yake yi ya wuce, a hankali a hankali shekara da shekaru. Ranar da aka kai fim ɗin wanki, duk ƙwayar da waɗannan suka taɓa za ta fito tamkar ta ga haske, sai ka ga negetif ɗin ya yi wani dishi-dishi tun daga farko har ƙarshe, har wajen da ya kamata ya zama garau. Wannan shi muke kira hazo.

Tunda marina za ka, ka ɗauka an kawo wa marini farin yadi zai yi masa ɗauri, amma yadin ya riga ya ɗan sha baba tun a hanya. Zai yi ɗaurinsa, zai tsoma, zanen zai fito, sai dai farin da ya kamata ya haska a tsakanin shuɗin ba zai taɓa haskawa ba. A negetif abin a juye yake, wajen da ya fita tas shi ne baƙin hotonka, don haka hazo inuwa yake ci. Baƙi ya koma toka-toka, abin da ke cikin inuwa ya nutse, tsaki-tsakin hoton ya ƙaru yana motsi kamar tururuwa.

Fim mai saurin kama haske irin 500 ƙwayoyinsa manya ne, girman nan ne ke sa ya iya gani a duhu, kuma girman nan ne dai ke sa tururin da na faɗa maka ya fi samunsa. Mai 50 zai iya shekara da shekaru a sanyi ya fito kamar jiya aka yi shi, baƙi da fari ma yana da juriya sosai, mai 500 kuwa ko a firiza aka binne shi sai ya nuna tsufa. Sannan fim mai kala hawa-hawa ne, na sama shi ke ganin shuɗi, na tsakiya kore, na ƙasa ja, kuma ba tare suke tsufa ba. Sau da yawa na shuɗin ne ke fara lalacewa, sai ka ga inuwa ta rine ta koma shuɗi-shuɗi mai datti alhali wajen haske yana nan daidai, ka je gyaran kala ka janye shuɗin daga inuwa sai fuska ta koma ɗorawa, ka gyara fuska inuwa ta koma gidan jiya. Ka lura da wannan sosai, domin kai aikinka kacokan a kan shuɗi yake, shuɗi mai duhu kuma, a bakin rijiyar rini, a hannun marini, a jikin yadin da aka shanya. Inda fim ɗinka ya fi rauni nan ne labarinka yake zaune.

Wata takwas ɗin nan ta Kano

Gaskiya wannan ne ya fi damuna a duk saƙonka, ya fi shekarun da suka yi a Ingila damuna. Kodak da kansu suna cewa a ajiye fim ɗin da ba a ɗauka ba a sanyin da bai wuce digiri 13 ba, in zai daɗe kuwa a sa shi a firiza wajen digiri 18 ƙasa da sifiri. Mu kuwa ka san watan Afrilu a Kano, zafi yana haura 40, ɗaki mai rufin kwano da la'asar ba sai na faɗa maka ba. In wata takwas ɗinka sun haɗa da bazara, abin da suka yi wa fim ɗin yana iya fin abin da shekaru suka yi masa a wani kabad mai sanyi a can. Abin da ya faru ya faru, ba ya gyaruwa, amma yau ɗin nan ka ɗauke su daga durowar.

Sai dai firijinmu ma da nasa matsalar, Nepa ta kawo ya yi sanyi, ta ɗauke ya yi gumi, gwangwani ya jiƙe ya bushe ya jiƙe ya bushe, in danshi ya samu hanya ya shiga ciki naɗin fim ɗin mannewa yake yi da junansa ya bar tabo. Ka zagaye bakin kowanne da tef mai kyau, ka sa a leda mai zif ka matse iskar, ka nemi wanda firijinsa ke kan sola ka roƙe shi ɗan waje. Ranar da za ka yi amfani da shi kar ka buɗe da fitowarsa, ka bar shi a rufe ya huce ya dawo daidai da zafin ɗaki, na 16mm awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ake cewa, ni nakan ba shi awa uku don hankalina ya kwanta.

Ka kuma tambayi abokinka ta yaya suka zo. In a cikin babbar jaka ya sa su wadda ake aunawa a filin jirgi, na'urar da ke haska waɗannan jakunkunan tana da ƙarfi, haka ma sababbin na'urorin CT da ake sa wa jakar hannu a wasu filayen. Ita ɓarnarta daban ce da ta tsufa, ba ta bin fim ɗin bai ɗaya, gefe guda na naɗin take duka, sai ka ga hoto yana haske yana duhu kamar yana numfashi, duk zagaye ɗaya sau ɗaya. Mai ɗaukar hoton tsaye ba lallai ya lura ba don firam ɗaya yake kallo, mu kuwa 24 ke wucewa a daƙiƙa, ido yana kamawa nan take, kuma ƙarin haske ba ya maganin wannan.

Maganar kala mai daɗi

E, yana faruwa, na gani da idona. Na taɓa ɗaukar wani mai 250 da ya haura shekara 10 a firizar wani bawan Allah da ya san darajarsa, na ba shi haske ninki biyu, ya fito da wani taushi, jan ƙasa ya kwanta, fatar mutane ta yi kyau ƙwarai, har yau ina son hotunan nan. Amma ka sani waɗanda kake gani a intanet ana yabawa su ne waɗanda suka yi kyau, wanda nasa ya fito kamar ruwan kwata ba ya ɗorawa. Kuma ko mai kyan ma ba kai ka zaɓi kalar ba, gwangwani na biyu zai iya ba ka wata daban, ka zo haɗawa sin ɗaya ya ƙi zama da ɗan'uwansa.

Ni abin da ya koya mini hankali wani dattijo ne maƙeri. Na samu ragowar fim mai 500 a hannun wani, ya rantse mini a sanyi yake, ban gwada ba don ina sauri kuma ina ganin kuɗin gwaji asara ne. Maƙerar ɗan ɗaki ce mai duhu, hasken da ke ciki na wutar zuga-zugi ne da ɗan abin da ke shigowa ta ƙofa, na auna na ga a 500 da ƙyar ya isa, na ɗauka a hakan. Tsohon nan ya zauna yana bugun ƙarfe yana yi mini bayanin yadda mahaifinsa ya koya masa gane zafin ƙarfe da ido daga kalarsa, jikansa yana zuga, tartsatsi yana tashi. Da sikanin ya dawo, wato fim ɗin da aka wanke aka mayar hoton kwamfuta, wutar ta fito, bakin ƙofa ya fito, fuskarsa kuwa babu, wani shuɗin hayaƙi ne kawai yake motsi a inda take. Kafin in haɗa kuɗin komawa Allah ya yi masa rasuwa. Muryarsa tana nan a rikoda, nakan saurara wani lokaci. Masu rinin da za ka je wajensu akwai dattawa a cikinsu, shi ya sa na ba ka wannan labarin.

Gwaji

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka sa gwajin nan a cikin kasafinka tun yanzu kamar yadda ka sa kuɗin mota. Iri biyu ne. Na farko, a cikin duhu a yanki 'yar ƙafa 3 zuwa 5 daga kowane gwangwani, ba tare da an ɗauki komai a kai ba, a tura ɗakin wanki su wanke su ɗora a na'urar auna kaurin negetif, za su ba ka lamba uku, ta ja da ta kore da ta shuɗi, su gaya maka nisan da suka yi daga na sabon fim. Kowane gwangwani nasa daban, ka rubuta musu 1 zuwa 5 kar su cakuɗe, domin ko lambarsu ɗaya ba lallai waje ɗaya suka kwana ba. Lokacin da kake yankan kuma ka sa hanci, in ka ji tsami kamar na binega to ledar kanta ta fara ruɓewa, in ka ji fim ɗin yana ɗaɗɗaurewa yana ƙara in ka ja shi to ya manne, waɗannan kada su shiga Bolex ɗin mutane.

Na biyu shi na fi yarda da shi, wato ka ɗauki hoto na gaske. Ka samu mutum ɗaya ya zauna rabin fuskarsa a rana rabi a inuwa, ka ba shi yadin da aka rina da baba ya riƙe, da farin ƙyalle da baƙi a gefe, ka rubuta lamba a takarda da babban rubutu ya nuna wa kyamara. Na Fuji ka ɗauka a 500, sai 250, sai 125, sai 64. Na Kodak ka fara daga 250 ka sauka haka. Daƙiƙa 5 kowanne ta isa, ƙafa 3 ke nan, duka-duka ba abin da zai ci maka. In sikanin ya dawo kar ka kalli wajen haske, ko mataccen fim yana nuna sararin sama, ka kalli ƙarƙashin haɓa da ninkin yadin, inda ka ga zaren yadi ya fito kuma shuɗin ya rabu da baƙi, wannan ita ce lambarka.

Nawa za ka sa a mitar auna haske

Ƙa'idar da kowa ke maimaitawa ita ce duk shekara 10 ka ninka hasken sau ɗaya, wato ka raba ISO biyu. Ba doka ba ce, kirdado ne, kuma an yi shi ne don fim ɗin da ya zauna a ɗaki mai sanyi-sanyi, amma wajen farawa ne mai kyau. Dalilin da ya sa take aiki shi ne ƙarin haske ba ya cire hazon, yana nan daram, hotonka ne kake ɗagawa ya hau samansa, shi kuma negetif mai kala yana da haƙuri da yawan haske fiye da ƙarancinsa nesa ba kusa ba. In da ni ne kafin sakamakon gwaji ya zo, na Kodak zan ƙiyasta shi a 100, watakila ma 64. Na Fuji zan sa shi 160, kuma ka tuna harafin T ɗin nan yana nufin don fitilar ƙwai mai jan haske aka yi shi, a rana sai da filta mai lamba 85, wadda ita ma tana cin kashi biyu cikin uku na sitop (sitop ɗaya shi ne ninka haske ko raba shi biyu), sai ya dawo 100. Wasu suna cewa a bar filtar a gyara a kwamfuta, a sabon fim zan iya yarda, a tsohon da hawan shuɗinsa ya riga ya jigata kuwa ban ga dalilin ƙara masa kaya ba.

Kaga duka biyun sun haɗu a wajen 100, kuma a nan Allah ya taimake ka, rana a Kano kyauta ce. Bolex mai madubin leƙe a firam 24 ana lissafa ta kamar 1/80 na daƙiƙa saboda gilashin leƙen yana cin wani abu daga hasken, a tsakar rana za ka samu kanka wajen f/16 a buɗewar idon kyamara, ba ka rasa komai ba. Wahalar tana ƙarƙashin rumfa da cikin rijiya, a nan ka auna inuwar ba ranar ba, ka sa yaro ya riƙe farin kwali ko farin zani ya mayar da haske fuskar mai magana. Dare da cikin ɗaki ka manta da su, wannan 500 ɗin suna ne kawai ya rage masa. Ka guji ranar da hazon hunturu ya sauko, hazo a sama hazo a fim ba abin da zai rage na armashi. Kuma kar ka bari a ce za a ƙara masa lokaci a ruwan wanki don ya ƙara haske, hazon ne zai fara tashi kafin hoton, in ma za a taɓa lokacin to ragewa ake yi, shi ma sai bayan ka ga gwaji don yana ƙara kashe kaifin hoto.

Duk wannan na negetif ne fa. In wata rana ka ci karo da tsohon Ektachrome, wanda ke fitowa hoto kai tsaye, kar ka ƙara masa haske haka, wankewa zai yi fes. Kodachrome kuwa kar ka saya don kala ko kyauta-kyauta ne, wajen ƙarshe da ke wanke shi a jihar Kansas ta Amurka ya rufe karɓa tun ƙarshen 2010.

Akwai wani abu da ba ka tambaya ba amma zai tare ka. Bolex ƙafa 100 take ci a ɗan faifan ƙarfe, minti 2 da daƙiƙa 47 ke nan, naka kuwa ƙafa 400 ne a kan 'yar robar tsakiya, dole a rarraba shi a duhu ƙirin, ba jan ƙwai ba komai. In lebul ya ce 1R, huda a gefe ɗaya ke nan, naɗi ɗaya zai juya hudar ta koma gefen da bai dace ba, sai ka naɗe shi duka zuwa wani faifan sannan ka sake naɗowa kan ƙananan. Wasu tsofaffin Bolex ɗin ma haƙoransu gefe biyu ne, ba sa cin 1R sam, ka duba taka. Ka yi naɗin a hankali, musamman da hunturu, busasshiyar iskar nan da ke sa mayafi ya yi tartsatsi da daddare haka take yi a jikin fim, ta bar maka zane kamar reshen bishiya a tsakiyar hoto.

Wanki da kuɗi

Kar ka kai shi wajen masu wankin hoto ko da ka samu wanda injinsa ke aiki. Fim ɗin silima irin naka yana da wani baƙin shafe a bayansa, remjet, kuma wankinsa daban ne, ECN-2 ake ce masa, a injin hoto baƙin nan narkewa zai yi ya ɓata maganinsu da fim ɗin duk wanda ya biyo bayanka. Ana iya yi a gida, akwai tankin Lomo na zamanin Sobiyet da ke cin ƙafa 50 hawa biyu, maganin yana son digiri 41 na minti 3 cif, na sha yi don gwaji, amma aikin da kake so ka nuna wa duniya ban ba ka shawara ba. Ni waje nake turawa, akwai Cinelab da ɗakin wankin Kodak na Pinewood a Ingila, akwai Andec a Balin, tunda abokinka yana Ingila hanya ta zo maka da sauƙi. Ka rubuta a jikin kowane gwangwani cewa tsohon fim ne da ISO ɗin da ka ɗauka, mai ɗaukowa ya roƙi a duba da hannu a filin jirgi, kuma da ka gama ɗauka kar ya zauna, fim ɗin da aka ɗauka ya fi wanda ba a ɗauka ba saurin lalacewa a zafi.

Sannan ka zauna ka yi lissafi da biro. Wanki da sikanin da ƙafa ake biyansu, kuɗin aike ma ɗaya ne, ko hoto ya fito ko bai fito ba ba wanda zai rage maka sisi, ga wahalar dattawan da za ka tsayar daga aikinsu. Arahar da ka samu a kan fim ɗin kaɗai take, Hausawa kuma sun ce araha ba ta ado.

In da ni ne a matsayinka, ga yadda zan raba. Ƙafa 2,000 ɗin nan wajen minti 55 ne in duk sun rayu, ba kaɗan ba ne. Wanda ya ci gwaji a cikinsu zan ba shi abin da za a iya komawa a sake, yadi yana kaɗawa a rana, hannu yana shiga ruwa yana fita, masu bugu da sandunansu, zirga-zirgar bakin titi, duk abin da gobe ma yana nan. Fuskokin dattawan kuwa zan matsa in sayi ko da faifai biyu ne na sabon Vision3 250D, lambarsa 7207, in ware musu, hirarsu kuma in ɗauke ta da dijital a gefe, domin Bolex dai ƙara gare ta kuma in ka wana ta sau ɗaya ba ta wuce daƙiƙa 28 sai ta tsaya, ba kyamarar doguwar magana ba ce. In tsohon da sabon suka ƙi haɗuwa a kala, kar ka tilasta musu, ka ba tsohon nasa gurbin a labarin ya zama shi ne idon da ke kallon marinar, sabon ya zama na mutanenta.

Ka ɗauki hoton lebul ɗin kowane gwangwani da tef ɗin bakinsa ka turo mini, ka kuma tambayo mini abokin naka a wace jaka suka zo, in sakamakon gwajin ya dawo sai mu zauna mu duba lambobin shuɗin tare kafin ka sa ranar zuwa Ƙofar Mata.